Tirelar doki da ƙaramin kuɗi: 'yar Beljiyam ko ta mai walda?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Zariya ne, ina da dawakai biyu, ingarma ɗaya ɗan Arewa da wani doki irin talon da na saya bara. Duk lokacin da za mu je hawa ko sukuwa a Kano ko Katsina sai na yi hayar motar ɗaukar kaya, wato kanta. Kuɗin ya fara yi mini yawa, kuma a tafiyarmu ta ƙarshe talon ɗin ya sauko da rauni a gwiwa. Ina da tsohuwar Hilux. Wani dillali ya nuna mini tirelar dawaki 'yar Beljiyam, an yi mata sabon fenti, sai dai kuɗinta zai cinye duk abin da na tara. Wani mai walda kuma ya ce zai ƙera mini a rabin wannan kuɗi. Wacce zan ɗauka, wadda ba za ta kashe mini aljihu ba, ba kuma za ta kashe mini doki ba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba talon lafiya. In na fahimce ka, kana tsakanin tirela biyu ne, ɗaya ka gan ta da ido amma ba ka san cikinta ba, ɗaya kuma har yanzu tana bakin mai walda, ga kuɗi ƙayyadajje. Sana'ata ƙera bodin mota ce da gyaran tirela, kuma a gefen barga na tashi, don haka zan gaya maka abin da nake dubawa idan aka kawo mini irin wannan ciniki. Ban ga tirelar dillalin ba, ban kuma ga hannun mai waldarka ba, saboda haka hukuncin ƙarshe yana wurinka bayan ka gwada abubuwan da zan lissafa.

Ka fara sanin cewa tirelar da ƙaramar mota ke ja baƙuwa ce a ƙasar nan. Yawancin dawakanmu a bayan kanta ko babbar mota suke tafiya, a zuba yashi, a ɗaure su a jere. Masu ƙwallon dawaki ne suka fi shigo da ita, su da suka daɗe suna zirga-zirga da dabbobinsu tsakanin Kaduna da Katsina da Kano, tun zamanin da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungumi wasan. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne, babu shagon da za ka shiga ka ce a ba ka takalmin birkin tirela kaza a miƙo maka nan take. Duk wadda za ka saya, ka tambayi kanka wa zai gyara ta ranar da ta tsaya a bayan Kafur ana gobe Sallah.

Motar ce ke zaɓar tirela

Mutane suna fara zagaya tirela suna shafa fenti, alhali motar da za ta ja ta ce ya kamata a fara tambaya. Kowace mota tana da iyakar nauyin da masu ƙera ta suka yarda ta ja, kuma lambobi biyu ne a littafinta: ɗaya ta tirela mai birki, ɗaya ta marar birki. Ta marar birki ba ta wuce kilo 750, ko da motar Land Cruiser ce. Ta mai birki kuwa ta danganta da samfuri. Sababbin Hilux wasunsu suna kaiwa kilo 3,500, tsofaffi suna ƙasa da haka nesa ba kusa ba, don haka ka nemi littafin taka ko ka sa a duba maka da lambar shasi, kada ka ɗauki maganar direba.

Sai lissafi. Ɗauki tirelar dawakai biyu ta kamfanin Ifor Williams na ƙasar Wales, samfurin HB506, wadda tana cikin waɗanda aka fi gani. Nauyinta ita kaɗai kimanin kilo 920 ne, kuma duk da kayanta ba a yarda ta wuce 2,600 ba. Doki ɗan Arewa cikakke yana tsakanin kilo 300 da 400, talon yakan ɗan ɗara. Mu ce su biyun 800. Ƙara sirdi, kayan ado na hawa, jarkoki biyu na ruwa, damin harawa da buhun dusa, ka samu wani 100 ko fiye. Ka haura kilo 1,800 ke nan. Hilux mai lafiyar kuloci da birki da lagireto za ta iya, in littafinta ya yarda. Na faɗi wannan lissafi ne har don masu karatu da ke da Sienna, domin na sha ganin ana ɗaura mata: iyakarta kusan kilo 1,600 ne, dawakai biyu sun fi ƙarfinta. Ni dai ina son a bar wa mota rarar kashi ɗaya cikin biyar na iyakarta, saboda waɗanda suka rubuta lambar ba su da zafin Afrilu da ramukan hanyarmu a rai.

Ka riƙe lambar nan ta 750, za mu dawo kanta idan mun zo wurin mai walda.

Ƙarfen jan da ke bayan motar shi ma kuɗi ne da mutane ke mantawa. A jikin shasi ake ɗaure shi da manyan notina, ba a liƙa shi a bamba da walda. Ƙwallon da ke kan ƙarfen, wanda tirelar Turai ke hawa, milimita 50 ne. Motocin da suka fito daga Amurka sukan zo da na inci biyu, wanda ya ɗan fi girma har kan tirelar ya ƙi kullewa sosai, ko na inci ɗaya da bakwai bisa takwas, wanda ya yi ƙanƙanta, kan tirelar ya riƙa rawa a kai har ya fice a rami. A ido duk ɗaya suke, sai an auna. Tsayinsa daga ƙasa kuma ya kasance tsakanin santimita 35 da 42 idan an yi lodi. Bayan Hilux yana da tudu, in aka ɗaura haka nan gaban tirela zai ɗage, nauyi ya koma kan tayoyin baya biyu, su yi zafi su fashe. Faranti mai sauko da ƙwallon ƙasa shi ne maganin wannan.

Abin da sabon fenti ke rufewa

Sabon fenti a kan tsohuwar tirela ba ya burge ni, yana sa ni ƙara buɗe ido ne. Je ka da tocila, da sukudireba mai tsini, da ƙaramar guduma, da jak, da tabarmar da za ka kwanta a kai. Ka tafi da makaniken da kai za ka biya, ba wanda dillali ya kira ba.

Daɓe za ka fara da shi, domin shi ne ke kashe doki. Tirela tana iya yin kyau ta ko'ina amma katakon da ke ƙarƙashin shimfiɗar roba ya ruɓe, saboda fitsarin doki yana bi ta gefe ya kwanta a ƙasa shekara da shekaru, ba iska ba rana. Idan ƙafar doki ta burma ana cikin gudu, direba ba ya ji, kwalta ce za ta yi ta cin ƙafar har a tsaya. Wannan rauni ba ya warkewa. Saboda haka ka ce a ɗage robar gaba ɗaya. In an ce a manne take ba ta ɗaguwa, ka shiga ta ƙasa. Soka sukudireba da ƙarfi a kusurwoyin baya, wurin da ƙafafun baya ke tsayawa, da bakin bango, da kewayen kowane noti. An taɓa kawo mini wata da mai ita ke rantsuwa daɓenta garau yake, ya yi ta tsalle a tsakiya don in gani. Tsakiyar lafiya lau. Da na ɗaga robar a kusurwar hagu ta baya, sai ga katakon ya yi baƙi ƙirin yana warin fitsari, na sa ƙarfe ya shige har mariƙi ba tare da na danna ba, na ciro shi da ɓarɓashi jiƙaƙƙe. Tsallen mutum mai kilo 70 ba ya gwada komai, doki yana iya sauke rabin nauyinsa a kan kofato ɗaya idan aka taka birki.

Sababbin samfura da daɓen alminiyam suke zuwa, ya fi katako daɗewa, amma shi ma fitsari yana cin sa. Alamarsa farin gari da ƙananan ramuka. Ruɓaɓɓen daɓen katako ba dalilin fasa ciniki ba ne in sauran jikin na da lafiya, domin kafinta zai canza shi, sai dai a cire kuɗin daga farashi. Abin da ke sa ni juya baya shi ne shasi.

A Turai ana watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, kuma gishirin nan yana cin ƙarfe daga ƙasa. Kwanta ka bi dogayen ƙarafan da masu gicciye da guduma. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda tsatsa ta cinye yana yin bif, yana zubo da ɓawo. Duba wurin da wuyan tirela ya haɗu da jiki, da maƙalan sifirin, da hinjin ƙofar hawa, wato ta baya da doki ke takawa ya shiga. Tsatsar sama da ake gogewa ba komai ba ce. Huda, tsagewa, faci a kan faci, ko baƙin kwalta da aka shafe ƙasan da shi kwanan nan, waɗannan su ne abin gudu. Ƙofar hawa ita ma katako ne a cikinta, kuma daga ƙasa take fara ruɓewa, ka soke ta kamar yadda ka soki daɓe.

Daga nan sai birki. Na tirelar Turai ba ya buƙatar lantarki ko mai. Idan mota ta rage gudu, tirela tana turowa gaba, wata sanda a wuyanta ta nutse ciki, ta ja wayoyi, wayoyin su matse birkin tayoyi. Dabara ce mai sauƙi, kuma ta dace da mu. Tura kan tirelar da ƙarfinka: ya kamata ya shiga da ƙyar, ya dawo a hankali. In ya shige sululu, ƙaramar shokozobar da ke ciki ta mutu, kuma duk taka birki tirelar za ta riƙa dukan motar, dawakai suna karo da sandar ƙirji. Ɗaga kowace taya da jak, ka juya ta, wani ya ja birkin hannu, ka ga ko ta tsaya cak. Sau da yawa za ka tarar biyu ne ke kamawa, wayoyin sauran sun daskare. Tana sama ɗin nan ka kama ta sama da ƙasa ka girgiza. In tana ƙwal-ƙwal ko tana gurnani idan ta juya, boris ya tafi. Akwai kuma wata siririyar waya da ake maƙalawa a jikin mota, wadda in tirela ta kwance za ta fizgi birkin hannu. Mafi yawan waɗanda ke iso mu babu ita, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. In 'yar Amurka ce tirelar, birkinta na lantarki ne, sai an sa wa motarka na'urar sarrafa shi, in ba haka ba tamkar babu birkin.

Leƙa ka ga a kan me take zaune. Ifor Williams sifirin ganye suke sa wa, irin na bayan akori-kura, wanda kowane makanike a Zariya ya san shi. Na Jamus irin su Böckmann da Humbaur galibi aksil mai roba a ciki suke amfani da shi. Ya fi laushi ga doki, amma in robar ta gaji ba a gyarawa, sai dai a canza aksil ɗin ɗungurungum, kuma daga waje za a yi odarsa. Ga mai ƙaramin kuɗi wannan bambanci ne babba. Alamar gajiyarsa, tirela ta zauna ƙasa-ƙasa, ko taya ta karkace tana cinyewa ta gefe ɗaya.

Taya kuwa kada zanenta ya ruɗe ka. Tirelar doki ba ta yawan tafiya, don haka tayarta tana tsufa da zanenta cif. A gefenta akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu take ba taya daga ranar ƙira. Ka ɗauka kawai cewa duk 'yar Beljiyam tana buƙatar sababbin tayoyi biyar har da safaya, masu harafin C na ɗaukar kaya, ba na Corolla ba. Irin waɗannan iskarsu takan haura 60 a ma'aunin mai faci, yaron da zai sa maka 35 ya cuce ka.

Abu na ƙarshe a kanta takardu ne. Akwai farantin kamfani a wuyanta mai ɗauke da lambarta da nauyinta. In an kankare shi ko an cire, ka bar ta, domin satar irin wannan tirela ta yi yawa a Birtaniya. Ka nemi takardar kwastan, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar da shaidu.

Ta mai walda

Ba na cikin masu raina aikin gida, da shi nake ci. A Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano akwai masu hannun da in ka ba su awo da kayan kirki za su fitar maka da abin da zai fi 'yar Beljiyam jure hanyarmu, musamman ta wajen tsayi daga ƙasa, don na Turai suna yawan goga ciki a tudun rage gudu. Matsalar tana cikin kalmar nan ta "rabin kuɗi". Tambaye shi a kan wane aksil zai ɗora ta. Amsar da na saba ji ita ce aksil ɗin bayan tsohuwar fijo ko J5, guda ɗaya, tayoyi biyu, babu birki. A nan rabin kuɗin ya fito. Ka tuna 750 ɗin nan. Akwatin ƙarfe kaɗai, kafin doki ya sa ƙafa, ya wuce ta. Kusan tan biyu marar birki a bayan Hilux, ranar da ɗan acaɓa ya gitta maka a Kwanar Ɗangora, tirelar ce za ta tuƙa motar. Aksil ɗaya kuma yana nufin in taya ta fashe, gefen ya faɗi ƙasa da doki a tsaye a ciki.

Saboda haka sharaɗina ga duk wanda zan yi wa ko zan tura wurin wani shi ne aksil biyu, tayoyi huɗu, da birki mai aiki. Hanya mafi sauƙi ita ce a nemo tsohuwar tirelar kaya ta Turai wadda bodinta ya mutu amma ƙafafunta da wuyanta suna da rai, a duba farantinta a tabbatar tana ɗaukar aƙalla kilo 2,000, a gina ɗakin doki a kai. In mai waldar ya ce maka birki ba dole ba ne, ai Hilux tana da ƙarfi, ka yi masa godiya ka nemi wani. In ya yarda, za ka ga farashi ya tashi daga rabi ya doshi kashi biyu cikin uku ko fiye. Wannan shi ne farashin gaskiya, da shi za ka kwatanta.

Ga awon da nake aiki da shi. Tsayin ciki kada ya gaza mita 2.2, don doki yana ɗaga kai idan ya firgita. Faɗin wurin kowane doki kimanin santimita 80, tsawon ciki mita uku ko ɗan fiye, yadda zai samu wurin miƙa wuya. Ƙarafan gicciye na ƙarƙashin daɓe ba na barin tazararsu ta wuce santimita 40. Katako mai tauri, maɗaci ko iroko, kaurin inci biyu, busasshe, a shafe shi da maganin gara, a bar 'yar tazara tsakanin alluna don fitsari ya zube. Farin katakon silin ba shi da wuri a nan. Wasu suna son farantin ƙarfe mai zane, ni ba na so: yana santsi in ya jiƙe, yana ɗaukar zafin kwalta, yana kuma ƙara da ke tayar wa doki hankali. A kan katakon a shimfiɗa roba mai kauri wadda ake iya cirewa, tsohon bel na injin masana'anta yana yin wannan aiki da araha.

Masu walda suna da wata ɗabi'a, in suna son nuna maka aiki mai ƙarko sai su lafta ƙarfe mai kauri ko'ina. Tirelar da ya kamata ta tsaya a tan ɗaya sai ta fito tan ɗaya da rabi, ta cinye rarar da ka bar wa mota. Ƙarfi a shasi da daɓe da bangon ƙasa ake buƙatarsa, inda kofato ke harbi. Sama da rufi a yi su da sauƙi. In an gama, kai ta sikelin manyan motoci a auna, ka san lambarka. Wurin zaman aksil ma a lura, a ɗan ja shi baya da tsakiya yadda in an yi lodi wuyan zai danna ƙwallon mota da kimanin kilo 80 zuwa 100. In nauyi ya rinjaya baya, tirela tana fara wutsiya da zarar gudu ya ƙaru.

Cikinta kuma, ɗauki tsohon ƙyalle mai laushi ka bi bango da shi tun daga ƙasa har sama. Duk inda ya maƙale, nan fatar doki za ta yage, a goge shi da giranda. Kada a bar ramin da kofato zai shiga ya kasa fita, ko a ƙarƙashin shingen tsakiya ko a mahaɗar ƙofar hawa da daɓe. Sandar ƙirji da ta baya su zama masu cirewa da fil, kuma in da hali a iya kwance ta ƙirjin daga waje, saboda ranar da doki ya haye ta da ƙafafun gaba babu mai iya shiga. A bar ƙaramar ƙofa a gaba ta ɗan barga. Fitilun baya da sigina da abin ƙyalli dole ne, tunda tafiyar asuba za ka fi yi.

Kuɗin aiki kashi-kashi za ka biya. Kafin alƙalami na sayen ƙarfe, sannan ka zo ka ga shasi tsirara kafin a rufe shi da katako da fenti, sannan sauran. A rubuta awo da irin kayan a takarda, kowa ya riƙe kwafi.

Zafi

Wannan ya shafi duka biyun, amma ya fi kama 'yar Beljiyam. An ƙera ta ne don ƙasar sanyi da ruwan sama, tagoginta ƙanana. A nan kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma dawakai biyu a rufaffen akwati suna ƙara nasu zafin da tururin gumi. In ka saye ta, ka sa a cikin lissafi cewa za a ƙara mata tagogi a sama ta gefe biyu, da sanduna masu tazarar da kofato ba zai shiga ba, a bar saman ƙofar baya a buɗe, a yi wa rufi farin fenti. Duba kuma inda salansar motarka ke fesa hayaƙi, kada ya zama cikin tagar gaba yake shiga.

Kada a ɗaure kan doki sama tamau. Yana buƙatar sauke kai don majina da ƙura su fito, in an hana shi na tsawon sa'o'i suna gangarawa huhu, bayan kwana ɗaya ko biyu sai zazzaɓi da tari. Da ragama ake ɗaure shi, ba da linzami ba, da ƙulli mai kwancewa da fizga ɗaya. A yayyafa wa harawa ruwa, musamman da hunturu. Zariya zuwa Kano ba ta kai a damu ba, amma duk tafiyar da ta kai awa huɗu a tsaya a inuwa a ba su ruwa. Abin da ya shafi magani da gwiwar talon kuwa na likitan dabbobi ne, ba na mai walda ba. Ka kai shi ya gani kafin ka sake ɗora shi a kowace mota, don tsayuwa a abin hawa aiki ne ga ƙafafun doki, kowace kwana sai ya tokare.

To wacce?

Kai ka ce kuɗin 'yar Beljiyam zai cinye duk abin da ka tara. A wannan farashi ban ba ka shawarar ɗaukarta ba, ko da ta ci duk gwajin da na faɗa. Ban taɓa ganin ta hannu da ba ta nemi tayoyi, boris, wayoyin birki, fitilu da ƙarfen jan mota ba, kuma waɗannan sukan ci kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na abin da mutum ya ware. Wanda ya zuba komai a saye, da tsofaffin tayoyin zai hau hanya yana cewa sai wata mai zuwa. Ban sa maka farashi da naira ba da gangan, domin canji yana motsa shi kafin rubutu ya bushe. Yi haka: rubuta duk abin da gwaji ya nuna, ka sa makanikenka ya yi masa kuɗi, ka koma wa dillali da takardar. Tirelar doki ba ta da masu saye da yawa a garin nan, ya fi ka matsuwa. In ya sauko har ragowar ta ishe ka gyara, kuma shasinta garau, sifirin ganye ne, to ita na fi so, saboda awonta da daidaiton nauyinta an riga an gama lissafinsu. In ya ƙi saukowa, ko guduma ta tona asirin shasi, ka koma wurin mai walda da sharuɗɗan nan.

Akwai kuma ta uku da ba ka tambaya ba. Ƙirga tafiyarka ta shekara: ƙaramar Sallah, babbar Sallah, wataƙila Sallar Gani a Daura, sukuwa biyu ko uku, hawan angwancin aboki. In ba su wuce haka ba, tara kuɗin hayar shekara uku ka ajiye kusa da kuɗin tirela da gyaranta da ƙarin man da Hilux za ta sha. Sau da yawa haya ce ke cin nasara. Abin da ke raunata doki a kanta sananne ne, daɓen ƙarfe mai santsi, rashin shinge tsakanin ingarma biyu, lodi daga kan tudun ƙasa ko bakin kwalbati, da direban da ya saba da buhunan masara. Da ɗan kuɗi kaɗan za ka mallaki shimfiɗar roba taka, shingen katako mai cirewa, da matakala mai ƙarfi, ka riƙe direba ɗaya da ya san dabba. Haɗa kuɗi da abokan barga a sayi tirela ɗaya shi ma yana yiwuwa, sai dai ka tuna ranar hawa ɗaya ce ga kowa, a rubuta tun farko wa ke da ita ran Daushe da wa ke biyan taya.

Duk wadda ka samu, kada ranar tafiya ta zama ranar farko. Loda mata buhunan yashi daidai nauyin dawakan, ka fita da ita fili ka koyi kwana da ribas da taka birki. Sannan ka bar ta ɗaure da mota a bakin barga, kana ba dawakan dusa a kan ƙofar hawa, gobe a ciki, har su shiga da kansu. Kada a taɓa sa doki a tirelar da ba a ɗaure da mota ba. In doki ɗaya za ka ɗauka, ko wanda ya fi nauyi a cikin biyun, a hagu yake tsayawa, gefen direba, domin tun 1972 a dama muke tuƙi kuma titi yana gangarawa ne ta bakin hanya. A rufe sandar baya kafin a ɗaure kai, a kwance kai kafin a buɗe ta. A Jamus, da kyawun titinsu, kilomita 80 a awa ce ƙa'idar mai jan tirela, ni a hanyarmu ba na wuce 70. In ta fara wutsiya kada ka danne birki, kada ka ƙara wuta, ɗaga ƙafa daga totur ka riƙe sitiyari a miƙe har ta lafa. Bayan kilomita 20 na farko ka tsaya, ka leƙa dawakan, ka bi notinan taya da sifana, ka ɗora bayan hannunka a tsakiyar kowace taya. Ɗumi ba laifi, amma wadda ta fi 'yan'uwanta zafi har ka janye hannu, boris ne ko birki ya kama, kuma a wurin za a duba ta kafin a ci gaba.